Yadda Ake Sa Bayan Hoto Ya Yi Dishi-Dishi Kamar Na Fastar Fim, Da Dalilin Da Ya Sa Naku Yake Fitowa Kamar An Liƙa Ku



Makon da ya wuce wani ƙanen abokina a nan Garo ya zo min da waya a hannu, ransa duk a ɓace. Yaro ne mai son waƙa, ya daɗe yana tara kuɗi, sai kwanan nan Allah ya nufa ya shiga Kano ya buga waƙarsa ta farko a sutudiyo. Saura hoton da zai ɗora a kan waƙar kafin ya saka ta a Audiomack. Ya ci kwalliya da shadda, ya kafa hula, aka ɗauke shi a bayan gidansu, sannan ya tura wa wani mai editin ya biya shi don a yi masa "irin na su Hamisu Breaker". Da hoton ya dawo, wallahi dariya ce ta fara zuwar min kafin tausayi. An dusashe bayan hoton kam, amma an haɗa da rabin hularsa, kunnensa na hagu ya narke, sannan ga wani farin zobe ya kewaye shi kamar an yanko shi da reza an manna a jikin bango. Ƙafafunsa kuwa ba su taɓa ƙasa ba, yana shawagi. Tsakanin hannunsa da cikinsa, wata akuya ta leƙo tar da ita, ita kaɗai ce ba a dusashe ba.

Ya ce min, "Yaya, ni dai gobe nake so na saki waƙar nan." Na ce zauna. Abin da na yi masa bayani ranar shi ne zan maimaita muku yau, don na san ba shi kaɗai ba ne. Lokacin Sallah idan ka buɗe Facebook ko TikTok, rabin hotunan da za ka gani wannan ciwon ne yake damunsu.

Me ya sa na jarumai yake fita daban?

Ku duba fuskar jarumi idan kyamara ta matso kusa da shi a shirin Labarina na Aminu Saira, ko Kwana Casa'in na Arewa24. Fuskar ta fito fes, har zufar goshi kana gani, amma labule da kujeru da fitilun bayansa duk sun narke sun zama launi kawai. Idonka ba shi da zaɓi, dole fuskar zai kalla. To wannan ba editin ba ne, aikin gilashin kyamara ne, kuma tun lokacin ɗauka yake faruwa.

Waɗanda suka kalli tsofaffin finafinan kaset irin su Sangaya za su tuna cewa a da ba haka abin yake ba. Kyamarorin bidiyo na wancan zamanin komai suke fitarwa, daga hancin jarumi har bishiyar da take can nesa. Abin ya fara sauyawa a duniya ne bayan kamfanin Canon ya fito da kyamarar 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto ce amma tana ɗaukar bidiyo mai kyau, kuma kuɗinta bai kai na manyan kyamarorin silima ba. Daga nan masu ƙaramin ƙarfi a ko'ina suka samu damar yin hoto mai narkakken baya, har abin ya iso masana'antarmu, ya zama yanzu idan bidiyon waƙa bai da shi sai a ce aikin ƙauye ne.

Masu ɗaukar hoto suna kiran kyawun wannan dishi-dishin da suna "bokeh". Kalmar Japananci ce, asalinta "boke", ma'ana dushewa ko hazo-hazo. Wata mujallar masu hoto a Amurka mai suna Photo Techniques ce ta yayata ta a 1997, ta ƙara mata harafin "h" a ƙarshe don Turawa su iya faɗinta daidai.

Ga gwaji, yi shi yanzu kana zaune. Ɗaga babban yatsanka kusa da fuskarka, rufe ido ɗaya, ka ƙura wa yatsan ido. Bangon da yake bayansa ya dushe ko? Yanzu ka kalli bangon, sai yatsan ya dushe. Ido ba ya iya fitar da na kusa da na nesa a lokaci guda. Haka gilashin kyamara yake. Akwai wani ɗan yanki da komai yake fita tar a cikinsa, abin da ya gota wannan yankin, gaba ko baya, sai ya fara dushewa, kuma a hankali yake yi: na kusa ya dushe kaɗan, na nesa ya dushe sosai. Ku riƙe wannan maganar ta "a hankali", don duk sirrin editin ɗin yana cikinta.

Abu uku ne suke sa wannan yankin ya matse har baya ya narke. Na farko faɗin ƙofar da haske yake shiga ta cikin gilashin, wadda ake rubuta ta da f/1.8 ko f/4 ko f/11. Abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na biyu tsawon gilashin, irin 50mm ko 85mm da kuke ji masu kyamara suna faɗa. Na uku tazara: kyamara ta matso kusa da mutum, shi kuma mutumin ya yi nesa da abin da yake bayansa.

Sai ka ce to ai wayata ma an rubuta f/1.8 a bayananta, me ya sa ba ta yi? Lissafin ba wuya. Faɗin ƙofar hasken shi ne tsawon gilashi a raba da waccan lambar. Gilashin 50mm a f/1.8 ƙofarsa ta kusa milimita 28. Na 85mm ya kai 47. Shi kuwa gilashin ƙaramar waya ainihin tsawonsa bai wuce milimita huɗu zuwa biyar ba, ka raba da 1.8 ka samu wajen milimita biyu da rabi, wato ƙwayar dawa ma ta fi shi. Ta wannan 'yar kafar komai tar yake fitowa. Don haka ba wai wayarka ce ba ta da kyau ba, halittarta ce haka.

Dabarar da masu waya suka yi

Tunda gilashin ba zai iya ba, sai kamfanoni suka ce bari manhaja ta yi ƙaryar. HTC ta saka kyamara biyu a wayarta One M8 a 2014, a shekarar ne kuma Google ta saka Lens Blur a manhajar kyamararta. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da Apple ta fito da Portrait a iPhone 7 Plus a 2016. A 2017 Google ta zo da Pixel 2, wadda take yin haka da kyamara ɗaya tal a baya. Yau ga shi har su Tecno da Infinix da itel da muke saya a Farm Centre da Beirut suna ɗauke da shi.

Yadda kyamara biyu suke aiki, koma kan yatsan nan naka. Rufe idon dama ka buɗe hagu, sannan ka juya. Za ka ga yatsan yana tsalle gefe da gefe sosai, amma abin da yake nesa da ƙyar yake motsi. Da wannan bambancin wayar take gane me ke kusa me ke nesa, sai ta zana wa kanta taswirar nisa, ta dusashe kowane wuri gwargwadon nisansa. Masu kyamara ɗaya kuma an koya musu siffar mutum ne da tarin hotuna, sai su yi hasashen ga inda mutum ya ƙare ga inda bango ya fara.

A nan matsalarmu take. Hasashe ne. Kuma shigarmu tana rikita su. Mayafi shara-shara wanda ake ganin bango ta cikinsa, leshi mai huji-huji, ɗaurin ɗankwali mai kunnuwa, hannun babbar riga da ya buɗe, ƙarshen gemu, igiyoyin kalangu, madubin babur idan ka jingina da shi, duk waɗannan wayar ba ta san inda za ta sa su ba. Sai ta yanke hukunci da ka, ta cinye gefen gyalen amarya. Na sha ganin hoton biki an kashe kuɗin lalle, amma yatsun amaryar sun narke sun bi bango.

Shawarata ta farko, idan hoto ne mai muhimmanci, ka ɗauke shi kashi biyu: ɗaya da Portrait, ɗaya haka nan ba komai. Idan na farkon ya ɓaci kana da na biyun da za ka gyara da hannunka. Wanda wayar ta riga ta cinye wa kunne, babu malamin editin da zai dawo masa da shi yadda yake.

Rabin aikin a wajen ɗauka yake

Kuskuren ƙanen abokin nan nawa tun a nan ya fara. Ya tsaya ya manne da katangar ƙasa, rigarsa ruwan ƙasa, katanga ruwan ƙasa, rana kuma tana tsaka. Idan mutum ya jingina da bango, ko kyamarar miliyan nawa ce ba za ta dusashe bangon ba, don nisansu ɗaya. Idan ka zo ka dusashe shi da manhaja, ko wanda bai san hoto ba zai ji a jikinsa cewa wani abu bai yi daidai ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Don haka ka janyo mutum ya baro bango da taku biyar ko fiye. Ka nemi bayan da launinsa ya saɓa da kayan jikinsa: farar shadda a gaban koren gona, baƙin yadi a gaban fili mai haske. Ka jira bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Kuma ka goge gilashin wayar da gefen riga, don Allah. Da yawa abin da mutane suke zaton rashin kyawun kyamara ne, maiƙon ƙosai ne kawai.

Mu a nan yankin Kabo da Gwarzo ba mu da matsalar wurin hoto, sai dai rashin lura. Da damina idan dawa ta yi tsayi, ka tsayar da mutum a kan hanyar gona, layin karan nan ya miƙe bayansa, idan aka dusashe shi kore ne mai taushi wanda ba sutudiyon da zai ba ka. Bakin ruwa irin dam ɗin Guzuguzu da yamma, hasken rana yana rawa a kan ruwan, shi ne yake ba da waɗannan 'yan ƙwallayen haske da ake so. Lokacin hunturu kuwa hazo da kansa yake yi maka rabin aikin, abin da yake nesa ya riga ya dushe tun kafin ka taɓa shi. Na faɗi wannan ne don na lura wasunmu ba don kyau suke dusashe baya ba, kunya suke ji kada a ga rumbu ko dangar kara. Ni dai a ganina rumbun da ya ɗan dushe amma ana gane shi ya fi hoton da bayansa ya zama kunu, wanda ba a san ko a Garo aka ɗauka ba ko a cikin gajimare.

Idan waya kawai gare ka

Ni Snapseed na fi amfani da ita. Kyauta ce, ba ta cika ka da talla, ba ta liƙa maka tambarinta a hoto, kuma bayan ka sauke ta ba ta buƙatar data. Wani kamfani ne mai suna Nik Software ya yi ta a 2011, Google ta saye kamfanin a 2012.

Ka buɗe hoton, ka shiga wajen kayan aiki ka zaɓi Lens Blur. Za ka ga da'ira ta bayyana a tsakiyar hoton: cikinta tar, wajenta dishi-dishi. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, su ja da'irar kan fuska su adana. Shi ya sa za ka ga fuska ta fito amma kafaɗu sun narke, bangon da yake gefen kunne kuma yana nan tar. Mutum ai ba ƙwai ba ne da za a ce da'ira ta dace da shi.

Ga yadda nake yi. Sai na matse da'irar da yatsu biyu ta zama 'yar mitsitsiya, na ja ta can kusurwa, ta yadda hoton gaba ɗaya zai dushe har da mutumin. Ƙarfin dushewar, wato Blur Strength, ba na wuce talatin, sau da yawa ashirin ma ta isa. Vignette Strength kuma, wanda yake baƙanta gefunan hoto, sai na mayar da shi sifiri. Na danna alamar amincewa. Daga nan sai na taɓa alamar da take sama mai kamar takardu a jere, na shiga View edits, na taɓa Lens Blur ɗin da na yi, na zaɓi alamar buroshi. A nan dushewar za ta ɓace, ta koma sai inda ka shafa da yatsa ne kawai za ta fito.

To yanzu aikin haƙuri ya zo. Buroshin yana da lamba daga 0 zuwa 100. Can nesa, wajen sama da bishiyoyi, ka shafa da 100. Kana gangarowa tsakiya ka rage zuwa 75, sannan 50, kusa da inda mutum yake tsaye 25. Ƙasar da take daidai ƙafarsa kada ka taɓa ta sam. Ka tuna maganar "a hankali" ɗin nan? Ita ce wannan. Ƙasar da mutum ya taka nisansu ɗaya da kyamara, don haka idan shi ya fito tar dole ita ma ta fito tar. Wanda ya dusashe ta shi ne yake mayar da mutum aljani mai tafiya a iska.

Idan ka zo gefen jiki, ka zuƙo hoton sosai da yatsu biyu, don buroshin yana ƙanƙancewa ne gwargwadon yadda ka zuƙo. Ka kunna alamar ido, za ta nuna maka inda ka shafa da jan launi. Idan ka haura kan hula, mayar da lambar 0 ka goge. Kada ka manta da ƙananan kafofi: tsakanin hannu da ciki, tsakanin ƙafafu, ƙarƙashin haɓa, cikin hannun jaka. Nan akuyoyi suke ɓuya.

PicsArt ma tana yi, kuma tana iya zaɓo mutum da kanta, haka nan Lightroom ta waya ta samu nata Lens Blur ɗin a ƙarshen 2023, wanda yake auna nisa da kansa. Suna da sauri, amma ka duba gefuna bayan sun gama, don irin hasashen da na faɗa a sama su ma suke yi.

Idan kana da kwamfuta

Masu shagon hoto da masu haɗa fasta Photoshop suke amfani da ita, kuma gaskiya tazarar da take tsakaninta da waya tana da yawa. Wanda ba shi da ita zai iya gwada GIMP, kyauta ce, ko Photopea da ake buɗewa kai tsaye a intanet, tsarinta kusan iri ɗaya da Photoshop.

Bari na fara da farin zoben nan da ya kewaye yaron, don shi ne kuskuren da ya fi yawa, har a wasu fastocin da ake bugawa da kuɗi. Yadda yake faruwa: mai editin ya yanko mutum ya ɗora a sama, sannan ya dusashe hoton ƙasan alhali mutumin yana nan a cikinsa. Dushewa kuwa baza launi take yi. Sai farin rigar na hoton ƙasan ya bazu ya fito ta gefen wanda aka ɗora a sama, ya zama kamar hayaƙi ya kewaye shi. Maganin shi ne ka cire mutumin daga hoton ƙasan tukuna kafin ka dusashe.

Ga yadda ake bi. Ka kwafi hoton da Ctrl da J don asalin ya zauna lafiya. Ka zaɓo mutumin. Idan Photoshop ɗinka daga ta 2018 zuwa sama ce akwai Select Subject da zai zaɓo shi da dannawa ɗaya, idan tsohuwa ce sai ka bi shi da Pen Tool ko Quick Selection. Ka shiga Select and Mask ka bi gefen gashi da gemu da bakin mayafi da buroshin gyaran gefe, sannan ka fitar da shi a leyarsa daban. Yanzu ka ɓoye wannan leyar, ka koma ta ƙasa, ka sake zaɓo mutumin, ka faɗaɗa zaɓin da kamar fiksel goma zuwa ashirin, sai ka yi Content-Aware Fill, wanda yake cikin Photoshop tun CS5 ta 2010. Zai share mutumin ya cike gurbinsa da abin da yake kewaye da shi. Kada ka damu idan cikon ya yi muni, ai za a dusashe shi, kuma mutumin zai dawo ya rufe wajen. Abin da ake so kawai launinsa ya bar gefen.

Sai zaɓin irin dushewar. Mafi yawan masu koyo Gaussian Blur suke dannawa don shi suka fara gani. Sunan wani masanin lissafi ne Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, kuma abin da yake yi shi ne ya gauraya kowane ɗigo da maƙwabtansa. Sakamakon kamar ka shafa man kaɗanya a gilashi ne. Gilashin kyamara na gaske ba haka yake yi ba. Idan ɗigon haske ya fita daga fokas, faɗaɗa yake yi ya zama ƙwallo mai gefe, mai siffar ƙofar gilashin. Shi ya sa a bidiyon waƙa da aka ɗauka da dare za ka ga fitilun mota da na titi sun zama manyan ƙwallaye ja da rawaya. Gaussian ba zai taɓa ba ka wannan ba, kashe hasken ma yake yi. Lens Blur shi ne yake kwaikwayon gilashin, har yana ba ka damar zaɓar siffar ƙwallon da ƙarfin ƙyallinsa.

Kuma Lens Blur yana karɓar taswirar nisa, irin wadda na ce waya tana zana wa kanta, sai dai a nan kai ne za ka zana. Ka je wajen Channels ka buɗe sabuwa, ka ja Gradient daga baƙi zuwa fari: baƙi daidai inda ƙafar mutum take, fari a can inda ƙasa ta haɗu da sama. Idan akwai wani abu a tsaye kusa da shi, kamar babur ko bishiya, ka shafe shi da ruwan toka gwargwadon nisansa, launi ɗaya daga gindinsa har samansa, don bishiya ba ta yin nisa saboda ta yi tsawo. Sai ka shiga Lens Blur ka nuna masa wannan taswirar. Baƙi zai zauna tar, fari zai narke, tsakaninsu ya tafi a hankali. Wanda yake ganin wannan ya yi masa tsawo, akwai Tilt-Shift da Field Blur da suka zo a CS6 ta 2012. Da Field Blur sai ka kafa 'yan ƙusoshi a hoton, kowanne ka ba shi nasa ƙarfin: na wajen ƙafa sifiri, na nesa goma sha biyar ko ashirin.

Saura abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa. Duk hoto yana da 'yan ɗige-ɗige kamar tsakin gero idan ka zuƙo shi, musamman na waya da aka ɗauka cikin ƙarancin haske. Dushewa tana share su. Sai ya zama mutum yana da tsaki a fuska da riga, bayansa kuma sumul kamar roba. Ido yana kama wannan nan take. Ka shiga Add Noise ka mayar wa bayan ɗan kaɗan, ɗaya ko biyu cikin ɗari, kana kwatantawa da na jikin mutumin har su zo ɗaya. Wannan 'yar dabarar ita ce take ɗinke su su zama hoto guda.

Game da ƙarfin dushewa kuma, ka yi yadda ya yi maka daɗi, sannan ka rage rabi. Da gaske nake. Idan hoton tsaye ne, daga kai har ƙafa, dushewar kaɗan ake so, don ko kyamarar gaske sai ta ja baya kafin ta ɗauki mutum gaba ɗayansa, kuma idan ta ja baya narkewar raguwa take yi. Wanda aka ɗauka daga ƙirji zuwa sama shi ne yake ɗaukar dushewa mai yawa, kuma shi ya fi sauƙi ga mai koyo tunda babu maganar ƙafa da ƙasa.

Masu tambayar bidiyo, eh ana yi. Apple ta saka Cinematic a iPhone 13 a 2021, su CapCut ma suna da hanyar raba mutum da bayansa. Amma abin da ka sha wahalarsa a hoto ɗaya, a bidiyo sau ashirin da biyar ko talatin ake yinsa a kowace daƙiƙa, ga mutum yana motsi. Mai rawa ya ɗaga hannu sai ka ga gefensa yana ɓari. Idan bidiyon waƙa za ka yi da niyyar ya je wani wuri, gara ka yi hayar mai kyamara da gilashin 50mm na yini ɗaya.

Da zarar ka iya wannan aikin, wani abu kuma zai same ka: za ka daina kallon hoto kamar da. Idan aka turo hoto a guruf aka ce ga wane tare da Ali Nuhu, ko ga jaruma wance an gan ta a wuri kaza, kai gefen kunne za ka fara dubawa, da inda ƙafa ta taka, da ko inuwar mutum biyun gefe ɗaya ta faɗi, da ko tsakin fuskarsu iri ɗaya ne. Masu haɗa hoton ƙarya suna son dusashe baya sosai, don yana ɓoye musu ɗinki. Mutum ya liƙa kansa kusa da gwaninsa don nishaɗi, ya kuma faɗa cewa haɗi ne, wannan da sauƙi. Amma a ɗauki hoton 'yar mutane a kai ta inda ba ta je ba, a baza, wannan zalunci ne, kuma wanda ya tura gaba bai duba ba shi ma yana da kamasho.

Shi kuwa mawaƙin namu, ban ma tsaya gyaran wancan hoton ba, don wanda aka turo masa ta WhatsApp ne, ya riga ya matse ya farfashe. Wannan ma ku kiyaye: idan za ka tura hoto a yi maka aiki, ko za a dawo maka da shi, a tura shi a matsayin Document, ba ta wajen hotuna ba, in ba haka ba WhatsApp zai rage masa ƙarfi. Na ce ya koma gida ya sako farar shaddarsa. Bayan la'asar muka fita bayan gari, na tsayar da shi a kan hanyar gona, taku goma tsakaninsa da karan dawa, na ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama da Tecno ɗinsa, rana tana dukan gefen fuskarsa. Muka dawo na zauna da Snapseed wajen minti arba'in, rabin lokacin duk a gefen hula ya tafi, don zaren jikinta ya yi ta haɗewa da ganyen bayansa. Na bar ƙarfin a ashirin da biyu. Na yanke hoton murabba'i, tunda haka ake ɗora hoton waƙa, na bar fili a sama inda za a rubuta sunansa.

Da ya karɓa ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Yaya, amma fa har yanzu ana gane dawa ce." Na ce eh, ana ganewa. Ya ce a ƙara mata kaɗan. Muka yi ciniki muka tsaya a ashirin da biyar.